3.4 Hanyoyin Karɓar Sakamakon Aikin da Ba Ya Kammala Nan Take

A wannan sashe za a yi bayani a kan yadda manhajar kwamfuta ke karɓar sakamakon aikin da ta tura waje, wanda amsarsa kan ɗauki lokaci kafin ta dawo. An ɗauki misali daga Illela ta jihar Sakkwato, garin da ke bakin iyaka daura da Birnin Konni ta ƙasar Nijar. A lokacin ƙarancin takardun Naira na farkon shekarar 2023, fatake da dillalan kara sun koma biyan kuɗi ta waya da na'urar POS. Idan aka tura kuɗi, saƙo kan tafi banki, manhaja kuma ba za ta daskare tana jira ba. Tambayar ita ce, ta yaya za ta san an gama?

Hanya ta farko ita ce leƙe, wato manhaja ta riƙa tambayar banki bayan kowane ɗan lokaci ko aiki ya kammala. Tana da sauƙin rubutawa, sai dai tana cin data, tana kuma ƙara cunkoso.

Hanya ta biyu ita ce barin sallahu. A nan mai tsara manhaja kan haɗa buƙatarsa da umurnin abin da za a yi idan amsa ta iso. Illarta ita ce, idan ayyuka suka jeru, sallahu kan shiga cikin sallahu har a rasa inda kuskure ya faru.

Hanya ta uku ita ce alƙawari. Manhaja kan karɓi wata shaida nan take, kamar rasit, wadda daga baya ko dai ta cika ko ta warware. An shigar da wannan salo cikin ƙa'idar harshen JavaScript a shekarar 2015.

Hanya ta huɗu ita ce amfani da kalmomin async da await, waɗanda suka shiga harshen C# a 2012, Python a 2015, JavaScript kuma a 2017. Da su ake rubuta aiki a jere kamar labari, alhali sauran ayyuka na ci gaba yayin jiran.

Sau da yawa manhaja ɗaya kan gamu da salo biyu ko uku a lokaci guda, don haka masu tsarawa kan mayar da su duka salon alƙawari, domin a kama kurakurai a wuri ɗaya. Amma ko wane salo aka bi, sakamako uku ne: nasara, ko gazawa, ko shiru. Shirun nan shi ya fi haɗari, domin mai yiwuwa banki ya riga ya cire kuɗin, amsa ce kawai ta ɓace a hanya. Idan manhaja ta ɗauki shiru a matsayin gazawa ta sake turawa, za a cire wa mai sayen sa kuɗi sau biyu. Maganin wannan shi ne a ba kowace hulɗa lamba tata ta daban, a kuma tambayi banki matsayin lambar kafin a sake turawa. Ke nan, ingancin manhaja ya rataya ne a kan tanadin da ta yi wa shiru.