Ko Kun Sani? Farautar giwar da ta zubar da farin jinin sarki

Sarki Juan Carlos na Sifaniya ya taɓa zama ɗan lelen talakawansa, domin shi ya fito a talabijin cikin kakin soja ya daƙile yunƙurin juyin mulkin 1981. A Afrilun 2012, rashin aikin yi na ta gasa wa jama'a aya a hannu, sai ga labari wai sarki ya faɗi ya karya ƙugu a Botswana, can wajen farautar giwa. Da bai faɗi ba, wa ma zai sani? Ya ba da haƙuri a bainar jama'a, amma ina! A 2014 ya yi murabus, ya bar wa ɗansa Felipe karaga. A 2020 kuma ya tare a Abu Dhabi, ana tsaka da binciken dukiyarsa.