Kifin roba a Dam ɗin Ajiwa: dabarar tana ci, amma wane kifi?

Mai karatu, in kana cikin masu kwana da waya a hannu, da wuya ka ce ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Bature ne tsaye a cikin ƙaramin jirgin ruwa, ya wurga wani ɗan kifin roba mai ƙyalli, ya fara naɗe zare a hankali. Kafin ka ƙifta ido sandar ta lanƙwashe, sai ga ƙaton kifi yana tsalle. A minti goma ya kama biyar. Kai kuma kana kwance a kan katifa kana cewa, ashe su ɗin ma haka yake da sauƙi?

Irin wannan bidiyo ne ya kama wani abokina da muke zama majalisa ɗaya a nan Ƙofar Kaura. Wata biyu yana tara abin da yake samu a shagon cajin waya, ya yi odar sandar fatsa mai na'urar naɗe zare da kifayen roba guda uku ta intanet. Lissafinsa shi ne duk Asabar ya je ruwa, ya dawo da abin da zai sayar wa masu suya, kafin salla ya mayar da kuɗinsa. Ranar da kayan suka iso, majalisa ta rabu biyu. Wasu suka ce an damfare shi, kifi ba mahaukaci ba ne da zai ci roba. Wasu suka ce ai Bature ba ya ƙera abin banza. Da yake muna hutun zangon karatu, sai na ce zan raka shi, tun da gani ya kori ji.

Yadda abin yake aiki

Ɗan kifin bai wuce tsawon yatsa ba. An yi shi da roba mai tauri, wasu kuma da katako marar nauyi, an yi masa ido da fenti kamar na gaske. A ƙarƙashinsa akwai ƙugiya biyu, kowace mai baki uku. Sirrinsa yana gaba: wani ɗan leɓe ne da aka manna masa a baki. In ka wurga shi ka bari, yawancinsu tasowa suke yi saman ruwa. Da zarar ka fara jan zare, ruwa ya danne leɓen, sai ya nutsa yana karkarwa hagu da dama. Mai dogon leɓe yakan yi zurfi sosai. Mai gajeren leɓe yana tafiya kusa da sama, kuma in ya bugi dutse ko kututture sai ya goce gefe. Wasu an zuba musu 'yan ƙwallayen ƙarfe a ciki don su riƙa ƙara.

Irin wanda abokina ya fi alfahari da shi shi ne mai tafiyar maye. Yana cikin tafiya miƙe sai ya kauce gefe ba zato, ya dawo hanya, ya sake kaucewa wani gefen. Masu ƙera shi suna kwaikwayon ƙaramin kifin da ya ji ciwo ko ya firgita ne. Kifi mai farauta ba ya son wahala. In ya ga garken ƙananan kifaye, wanda ke tangaɗi yake zaɓa, don shi ne zai kama ba tare da ya ƙona ƙarfinsa ba. Kuma ko bai gan shi sosai ba yana jin sa, saboda kifi yana da wani layi a kowane gefen jikinsa, daga kai zuwa wutsiya, da yake jin motsin ruwa da shi. Sau da yawa a daidai lokacin da robar ta goce ko ta tsaya cak ne babban kifi yake kai mata cafka, kafin ma ya tantance ko abinci ne.

Wanda ya yi suna da wannan dabara shi ma masunci ne talaka. Lauri Rapala, mutumin ƙasar Finland, ya daɗe yana lura da yadda manyan kifaye ke ware mai rauni daga cikin garke. A 1936 ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itace marar nauyi, ya naɗe shi da takardar ƙyalli ta cakulan, ya narka tsohon fim ɗin hoto ya shafe shi don kada ruwa ya shiga. A 1962 mujallar Life ta Amurka ta yi rubutu a kansa, oda ta yi ta zuwa. Har yau sunansa kamfanin Rapala yake ɗauke da shi.

To, kifin da kake gani a yawancin bidiyon nan shi ne wanda Amurkawa ke kira bass. Mafarauci ne mai faɗin baki, yana laɓewa a gindin ciyawa ko itace ya jira abin da zai gifta. Ba wani ƙato ba ne: mafi girman da aka amince da shi a tarihi, wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, kilo 10 ne da ɗan ɗoriya, kuma sai a 2009 wani ɗan Japan ya kamo irinsa a Tabkin Biwa. A can wasa ne da gasa, akasari ma in sun kama sai su auna su mayar da shi ruwa. Don wannan kifi aka ƙera mafi yawan robobin da ake tallatawa, kuma a kansa suna ci ƙwarai. Matsalar ita ce ba kifin ruwanmu ba ne.

Ranar da muka je ruwa

Mun bar Ƙofar Kaura bayan sallar asuba a kan babur, muka nufi Dam ɗin Ajiwa da ke ƙaramar hukumar Batagarawa, wanda daga nan ake turo wa birnin Katsina ruwan famfo. Damina ta yi nisa, ruwan ya yi ja kamar kunun kanwa. In ka tsoma hannu zuwa gwiwar hannu ba ka ganin yatsunka.

Abokina ya yi ta wurgi. Wallahi abin yana da kyan kallo, don in ya matso gaɓa kana ganin yadda yake rawa kamar mai rai. Awa uku muna nan, ko taɓawa babu. Sau ɗaya sandar ta lanƙwashe, muka yi ihu, ashe tsohuwar raga ce da aka bari a ƙasan ruwa. A nan ɗaya daga cikin ukun ya tafi, da shi da kuɗinsa.

Kusa da mu akwai wani dattijo masunci yana gyaran koma. Wani yaro da ke tare da shi yana zaune da karan fatsa da gwangwanin tana, kuma a gabanmu ya ciro 'yan karfasa har huɗu. Tun da safe kuwa sun riga sun ɗebe tarwaɗar da ta kwana a ƙugiyoyin da suka kafa jiya da yamma. Kunya ta sa muka matsa muka gaishe shi.

Na ɗauka Baba zai yi mana dariya. Karɓar robar ya yi, ya juya ta, ya sa abokina ya ja ta a gabansa sau biyu. Sai ya ce wanda ya yi wannan ya san kifi. Ya ba mu labarin cewa da ƙuruciyarsa ya yi su a wajen Yawuri, a ruwan Kainji, kuma in suna neman giwan ruwa, ƙaramin kifi mai rai suke soka wa ƙugiya ta baya, su sake shi yana fafutika. Wannan fafutikar ce ke kiran giwa. Sannan ya miƙo mana abinmu ya ce, "Yarana, kayanku na da kyau, amma kun kawo wa akuya nama."

Kowane kifi da abin da ke jan sa

Maganar Baba ta yi daidai da abin da masana halittun ruwa suka sani. Abin da ya fi fitowa daga madatsun ruwan da ke kewaye da mu, irin su Ajiwa da Jibiya da Zobe, shi ne tarwaɗa da karfasa. Tarwaɗa idonta ƙanana ne, da gashin bakinta take laluben abinci, ta bi ƙamshi da ɗanɗano, kuma ta fi yawo da dare a ƙasan ruwa. Shi ya sa hanjin kaza ko tana ke kama ta. Babbar tarwaɗa takan kai wa roba hari wani lokaci, musamman mai ƙara, amma ba abin da za ka dogara da shi ba ne. Karfasa kuwa yawancin abincinta gansakuka ne da ƙananan halittun ruwa, bakinta ma bai isa ya haɗiye abu mai tsawon yatsa ba.

Kifayen da wannan dabara ke yi wa magana muna da su a ƙasar nan, sai dai a manyan ruwaye. Na farko giwan ruwa, wanda ke Kogin Neja da Binuwai da Tabkin Kainji da Tabkin Chadi. Halinsa kusan ɗaya da bass, laɓewa da cafka, amma ya ninka shi girma nesa ba kusa ba, don yana iya wuce kilo 100. A Tabkin Nasser na Masar, baƙi daga Turai suna biyan kuɗi mai yawa don a zaga da su a jirgi suna jan irin wannan roba, manya-manya, a bayansa saboda giwan ruwa. Na biyu tsage, mai haƙora kamar ƙusa, wanda ke bin duk abin da ya gifta da gudu yana ƙyalli. Shi sai ka haɗa da 'yar waya a ƙarshen zaren, in ba haka ba ya datse ya tafi da kayanka.

Ko a inda waɗannan suke, lokaci yana da tasiri. Ruwan damina mai laka yana rage amfanin fenti da ƙyalli, sai dai ƙara da girgiza. Bayan damina, in ruwa ya kwanta ya washe, abin ya fi ci. Da sanyin hunturu jikin kifi yana mutuwa, ba ya son bin abu mai gudu, don haka sai a ja a hankali ana tsayawa. Sassafe da gab da magariba sun fi tsakar rana.

Kafin ka tura kuɗinka

Ɗan'uwa, in sha'awa ce ta kai ka kuma kana da hali, ba wanda zai hana ka. Amma in neman abinci ne, yi lissafi da kyau. Roba kifi ɗaya take kamawa a wurgi ɗaya, in ma ta kama. Masunci mai koma ko birgi ko dogon zare mai ƙugiya ɗari yana neman abin da zai cika kwando ne. Ba ta inda za ka yi gogayya da shi a kasuwa da sanda ɗaya. Kafin ka saya, je bakin ruwan da kake son shiga da safe, lokacin da ake fito da kamu, ka duba abin da ke cikin kwanduna. Ka gaida Sarkin Ruwa ko dattawan wurin ka tambaye su. Abin da Baba ya faɗa mana a minti biyar, kyauta, da mun ji shi tun farko da kuɗin wata biyu bai tafi ba. Ka tambayi lafiyar hanya kuma, don ka san halin tsaro a wasu yankunan jihar nan, musamman wajen Jibiya. Kada ka je ruwa kai kaɗai, kada ka shiga don ciro robar da ta maƙale. Gindin dam yana da rami da laka, kuma duk shekara muna jin labarin matasan da suka tafi a haka.

Akwai kuma abin da ya fi damun Baba fiye da robarmu. Ya nuna mana 'yan kifayen da ba su kai yatsa biyu ba a kwandon wasu samari, waɗanda aka tace da raga mai ƙananan idanu, wasu ma da gidan sauro. Ya ce wanda aka kama yana jariri ba zai yi ƙwai ba, kuma masu zuba maganin ƙwari a ruwa sun fi kowa ɓarna, don suna kashe babba da ƙarami, su sayar wa mutane guba. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara tun 1934, kifin da ya zo na ɗaya a 2020 ya kai kilo 78. Abin da ke sa a samu irinsa shi ne ana hana su a wannan yanki na Matan Fada har sai lokacin biki ya zo. Mu da muke kallon manyan kifayen Turawa muna haɗiyar yawu, ya kamata mu san su ma dokar girman kifin da za a ɗauka da lokacin da za a kama ce ta bar musu su.

Abokina dai bai mayar da kuɗinsa ba. Sandar tana nan, yanzu tana yake sa mata, kuma ranar Asabar da ta wuce ya kawo karfasa bakwai majalisa aka soya. Robobi biyun da suka rage ya adana su a gwangwanin madara. Ya ce in Allah ya kai mu bayan damina, zai bi wani ɗan ajinmu ɗan Yawuri gida ya gwada su a inda giwan ruwa yake. Na ce masa in ya kama ya turo hoto, in kuma bai kama ba ya turo labari, duk za mu buga a wannan fili.