Jingar Gida: Wa Zai Biya Abin da Ba a Lissafa Ba?

"Alhaji, kaya fa sun tashi." "Malam, ai mun gama magana, kuɗinka na ba ka cif." Aikina ƙididdigar kayan gini ne, kuma kusan duk zaman sulhun da aka kira ni tsakanin mai gida da ɗan kwangila, da waɗannan kalamai ake buɗe shi. Ginin kuwa yana can tsaye a linta, ciyawa ta fara fitowa a falo.

Jinga a bakin magina ita ce a yanke kuɗi ɗaya, daga haƙar fandisho har miƙa makulli. Mutane na sonta don hankalinsu ya kwanta, musamman ma'aikacin da ya ci bashi ko ɗan kasuwar da ba ya zama gari. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, darajar naira ta faɗi bayansa, jinga ta zama abin tsoro. Buhun siminti da ake saye wajen naira 5,000 ya haura 10,000 a wurare da dama cikin Fabrairun 2024, har sai da Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka tsayar da 7,000 zuwa 8,000. Rodi da kwano da kuɗin tifar yashi duk sun bi sahu. Wanda ya karɓi aiki kafin nan, lissafinsa ya rushe.

A doka, tsadar kaya kaɗai ba ta warware yarjejeniya. Idan ba a rubuta sharaɗin sauyin farashi ba, ɗan kwangila ne zai ɗauki asarar, domin da kaya sun sauka ma shi zai ci ribar. Malaman fiƙihu su ma, a babin istisna'i, wato ba da aikin ƙera abu, sun sharɗanta a san kuɗin, a kuma san siffar abin da za a yi tun farko. Sai dai ina gaya wa masu gida gaskiya: gaskiyarka a takarda ba za ta tsare maka gini ba. Maginin da aka matse bai cika gudu ba, ragewa yake yi. Inda ya kamata rodi mai milimita 16 ya shiga sai a sa mai 12, a ƙara yashi a kwaɓi, a sayo bulon da ke marmashewa a hannu. Filasta ta rufe komai, fenti ya ɗora. Iyalinka ne za su kwana ƙarƙashin wannan dakin, kuma wannan ya fi damuna a kan kowace naira da ake jayayya a kanta.

Akwai kuma abin da ƙasa ta ɓoye. A Kano filaye da yawa tsofaffin kududdufai ne da aka cike da shara. Sai an fara haƙa a tarar ba ƙasa mai ƙwari sai an nutsa sosai, fandishon ya ci ninkin abin da aka yi zato. Nan ina ganin adalci shi ne mai fili ya biya, in dai an tsayar da aiki an nuna masa ramin da idonsa kafin a zuba kankare. Wanda ya rufe rami sannan ya kawo takardar ƙari, shi ya ja wa kansa zargi.

Mafi yawan rigimar da nake gani kuwa daga bakin mai gida take tashi. Ya zo duba aiki da yamma, ya ce a faɗaɗa kicin, uwargida ta ce wannan tayil bai yi mata ba, a ƙara banɗaki a ɗakin baƙi. Magini ya ce "an gama, ranka ya daɗe," don kunya ta hana shi ambaton kuɗi a gaban mutane. Bayan wata uku kowa ya tuna maganar yadda ta yi masa daɗi. Haka nan kalmar "gida kammalalle": shi mai gida yana nufin har katanga da ƙofar get da sokawe da jawo wuta da kuɗin izinin hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, shi magini ɗakunan da ke cikin zane kawai ya ƙirga.

Abin da nake sa mutane su yi ba shi da wuya. A rubuta jerin kaya dalla-dalla, har kaurin kwano da girman rodi, a rubuta abin da ba ya ciki. Da kuɗin farko a sayi siminti daidai buƙatar kusa, tunda yana daskarewa in ya daɗe, rodi da kwano kuwa a saye su gaba ɗaya a kulle. A biya mataki-mataki: fandisho, linta, rufi, ƙarasawa. Mai gida ya ware kashi 10 cikin ɗari a gefe saboda ba-zata, ya riƙe kashi 5 na kuɗin aikin har damina ta gwada rufin. Duk canji, komai ƙanƙantarsa, a faɗi kuɗinsa a saƙon WhatsApp kafin birkila ya ɗaga cokali.

In rigima ta riga ta ɓarke, kada a fara da ofishin 'yan sanda, wannan ba laifin sata ba ne. A samo mai ƙididdiga wanda ba ya ɓangaren kowa, ya auna aikin da ke ƙasa, ya kwatanta da kuɗin da aka karɓa, sannan a zauna gaban mai unguwa ko cibiyar sulhu ta kotu da alƙaluman a hannu.