'Yar Mowa Tana Gyaruwa Kuwa?

'Yan'uwa mata, sau nawa muke jin uwa ta ce ɗiyarta ba ta gyaruwa? Watakila tatsuniya ta koya mana haka. A waɗanda ake yi da dare a Dandin Mahe, 'yar Bora mai ladabi ce tun farko, 'yar Mowa kuwa sangartacciya har ƙarshe. Gizo ma bai taɓa tuba ba.

To, dubi majigin zane na Japan, Spirited Away, na Hayao Miyazaki, 2001. Chihiro, 'yar shekara 10, shagwaɓaɓɓiya ce, ga tsoro. 'Yar Mowa sak. Da aka mai da iyayenta aladu, sai ta kama aikin goge-goge a gidan wankan iskoki. Can ta koyi godiya da juriya, sannu a hankali, har ta fanso su.