Batirin zuciya: ciwon da za a daure wa da wanda za a kai asibiti

Na'urar ba ta fi akwatin ashana girma ba, nauyinta kuma tsakanin giram 20 ne zuwa 50. Likita zai tsaga fata kamar santimita 5 a saman ƙirji, ƙasa da ƙashin wuya, galibi a hagu. Ya yi mata aljihu a ƙarƙashin fata, sannan ya zura waya ɗaya ko biyu ta jijiyar jini har cikin zuciya. Allurar kashe zafi a wurin kawai ake yi, mutum yana farke. Awa ɗaya ko biyu an gama, sau da yawa washegari a sallame shi. Mu a ƙauyukan Managil batirin zuciya muke ce mata, kuma ana sa ta ne ga wanda bugun zuciyarsa ya yi ƙasa har yana jiri ko yana faɗuwa.

Aikin asibiti ke nan. Sauran jinyar a gida take, a kan angarib, cikin zafi da ƙura, a hannun mutanen da ba su taɓa ganin irinta ba. Takardar sallama kuwa da Turanci ko da Larabcin likitoci take zuwa, kuma wanda ya tsara ta bai san turiya da jarkar ruwa ba.

A kakar 2022 kawuna ya faɗi sau biyu a hawasha, aka auna aka tarar zuciyarsa na bugawa talatin da 'yan kai a minti. Ni na yi jinyarsa a wani asibiti a Khartum, ni kuma na riƙa tsare likitoci da tambaya. Tun daga lokacin, da yake malamin makaranta ne ni, duk gidan da aka sa wa wani batiri sai a aiko mini da takardun in karanta. Abin da na lura da shi a gidajen nan iri ɗaya ne: mutanenmu suna daure wa ciwon da ya kamata a gudu da shi asibiti, suna kuma firgita da wanda zai wuce da kansa.

Wanda zai wuce da kansa shi ne raɗaɗin wurin ɗinki, wanda ya fi tsanani a kwana biyu ko uku na farko, da ɗan kumburi, da fatar da za ta yi duhu saboda jinin da ya kwanta, har duhun ya gangara ƙirji. Akwai jin kamar ana jan kafaɗa, akwai ƙaiƙayi idan ya fara warkewa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu yawancin wannan yana lafawa. Ramammen mutum kuma zai daɗe yana jin tudun na'urar idan ya juya a shimfiɗa, watanni ma, kafin jiki ya saba.

Maganinsa Panadol ne, ba wani abu mai tsada ba. Babban mutum yana shan ƙwaya 2 masu miligiram 500, ba fiye da sau 4 a yini da dare ba, kuma a bar aƙalla awa 4 tsakani, sai in likita ya rage saboda hanta ko ramewa. A kwanakin farko a sha a kan lokaci, kada a jira sai ciwo ya kai mutum bango. To a nan muka sha fama da Kawu. Kullum na tambaye shi sai ya ce, "Alhamdu lillahi, Malam, ai namiji ba ya raki." Inna ce ta tona shi, ta ce mini, "Kawunka fa ba ya barci, a bakin gado yake kwana a zaune." Mutumin da ya kwana uku bai runtsa ba, abinci ma ba zai shiga ba, kuma hannun nan ba zai yarda ya motsa shi ba. Ni a ganina faɗa wa mai jinya inda ke ciwo bai rage wa mutum ladan haƙuri da komai ba.

Abin da za a guje wa shi ne allurar Voltaren da 'yan uwanta irin su Brufen, waɗanda a wurinmu an mai da su maganin kowane ciwon gaɓa. Yawancin masu batirin nan tsofaffi ne, wasu na shan asfirin ko warfarin mai tsinka jini, wasu ƙodarsu ko zuciyarsu ta riga ta yi rauni. Waɗannan magunguna suna iya sa jini ya taru a aljihun na'urar. Idan kuma ya taru wurin ya yi tudu, kada a yarda wani mai chemist ko mai allurar unguwa ya zuƙe shi da sirinji, domin hanyar shigar ƙwayoyin cuta ke nan kai tsaye. Haka ƙaho, da sakiya, da gashi da ruwan zafi, da man zafi, da barbaɗa garin bagaruwa. Masu zuwa dubiya kowa da nasa maganin a baki. Addu'a da tofi ba wanda ya hana, amma a tofa a hannu a shafa a kai, a bar bandeji ya zauna lafiya.

Inda aka fi yin kuskure shi ne kafaɗa. Likitoci suna cewa mako 4 zuwa 6 kada a ɗaga hannun ɓangaren aikin sama da kafaɗa, kada a ɗauki kaya mai nauyi, kada a yi fizga, saboda wayoyin ba su gama kama naman zuciya ba, suna iya gocewa. Da Kawu ya ji haka sai ya ɗauki rawaninsa ya ɗaure hannun a jikinsa, dare da rana. Ranar da muka koma a duba ɗinki likita ya kwance rawanin da kansa, ya ce ya Hajj, wannan ɗaurin zai ba ka ciwon da ya fi na aikin. Kafaɗar da aka hana motsi tana sandarewa, kuma sandarewar tana iya ɗaukar watanni da yawa, mutum ya kasa sa riga. Abin da ake so shi ne a ci abinci da hannun in an saba, a lanƙwasa gwiwar hannu, a juya kafaɗa a hankali, a ɗaga hannu har daidai kafaɗa a tsaya nan, sau da yawa a yini.

Sai a zo a fassara wannan doka da rayuwar kambo da ƙauye. Jallabiya ta kai ake sa ta, dole a ɗaga hannu biyu, don haka a makonnin farko riga mai maɓalli a gaba ta fi, kuma hannun aikin ake fara zurawa. Jarkar ruwa ta lita 20 kilo 20 ce cif, ba ta ɗaukuwa. Sara da turiya, buɗe ruwa a abu ishrin, cicciɓar buhu, jan igiyar jaki a karo, kama ƙarfen lori a ja jiki a hau, duk suna cikin abin da aka hana. Mata nasu ya fi yawa, kuma ba a cika lissafa shi a matsayin aiki ba: daka, tuƙin tuwo, ɗora tulu a ka, goyon jika, shanya a igiya mai tsawo. Wata dattijuwa a maƙwabtanmu kwana goma da dawowarta aka same ta tana daka, ta ce ai da hannun dama take yi. Taɓarya kuwa ba a ɗaga ta da hannu ɗaya.

Ba taurin kai ne kawai ke mai da su aiki ba. Wanda aka yi wa aikin a watan Yuli, lokacin shukar dawa, ko a Maris lokacin girbin alkama, in ya zauna mako shida ya rasa shekara. Dangi in da gaske suke son ya huta, to su kira gayya, abin da maƙwabtanmu Larabawa ke kira nafir, tun kafin a dawo da shi. Mu haka muka yi wa dawar Kawu. Ba don haka ba, wallahi ko da mai gadi aka sa masa sai ya sulale ya tafi gona.

Salla ba ta da matsala sosai. Ɗaga hannu a kabbara iyakarsa kafaɗa ne. Sujada da miƙewa ne ke sa a dogara da hannu, shi ya sa a kwanakin farko mutum zai iya yin sallarsa a zaune, kuma malamanmu na Malikiyya ba su da saɓani a kan wannan rangwame ga majinyaci, haka ma shafa a kan bandeji ko taimama idan wanka ya wajaba. Kwanciya kuwa ta gefen dama, wadda muka taso da ita a matsayin sunna, ita ce ta dace da wanda na'urarsa ke hagu. A sa ƙaramin matashi a ƙarƙashin hannun. Shi wannan matashin a riƙe shi a ƙirji idan za a hau mota, don hanyoyin cikin gonaki girgizarsu a wurin ɗinki take ƙarewa.

Ɗinkin yana son bushewa har sai likita ya ce a jiƙa. A Afrilu da Mayu zafinmu yana wuce digiri 40, gumi kaɗai ya isa ya jiƙe bandeji, sai a canja shi da hannu wankakke da sabulu. A yi wanka daga ƙugu zuwa ƙasa, sama a goge da tsumma. Ruwan tur'a kada ya kusanci wurin ko kaɗan.

Yanzu ga wanda ba a daure wa. Idan ciwo maimakon ya ragu sai ƙaruwa yake yi bayan kwana uku ko huɗu, wurin ya yi zafi, ya kumbura, ya yi sheƙi, ko yana fitar da ruwa ko mugunya, wannan na asibiti ne a ranar. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba, saboda haka a taɓa gefen da bayan hannu a gwada da ɗaya ɓangaren. Kimanin mutum 1 cikin 100 ne ke samun wannan cuta, kuma tana iya ɓullowa bayan watanni. Haɗarinta a Jazira shi ne zazzaɓi. Mu duk zazzaɓi da rawar ɗari maleriya ne, a sayo magani a sha. Mai batiri idan ya yi zazzaɓi a gwada jinin maleriya, amma a buɗe baki a gaya wa mai duba shi cewa akwai na'ura a ƙirji, domin cutar tana iya bin waya ta shiga zuciya. Kafso na antibayotik daga kanti yana rufe alamun ne kawai, kuma idan na'ura ta kamu galibi sai an cire ta gaba ɗaya.

Haka nan numfashi ya riƙa sarƙewa da suka a ƙirji a kwanakin farko, wanda yana iya zama iska ce ta taru a gefen huhu. Ko hannun ɓangaren ya kumbura ya yi nauyi. Ko jiri da suma su dawo. Ko shaƙuwa wadda ba ta tsayawa, ko tsokar ƙirji ko ta ciki tana zillo daidai da bugun zuciya, alamar waya ta goce ke nan. A tambayi likita lambar da ya saita na'urar a kai, sau da yawa 60 ce a minti, sannan wani yaro ɗan makaranta a gidan ya koyi ƙirga bugu a wuyan hannu da agogon waya. Na koya wa ɗalibaina na aji shida wannan a darasi ɗaya, ba su sha wahala ba.

Waya kuma a raba ta da aljihun ƙirji, inda dattawanmu suka saba ajiye ta tare da carbi. Tazarar santimita 15 ake so tsakaninta da na'urar, a kuma saurara da kunnen ɗaya ɓangaren. Kada a rungumi injin ban ruwa ko janareta yana aiki, a nisanci walda da babban maganaɗisu. Rediyo da fanka da talabijin ba su da laifi. Wasa da na'urar da yatsa, ana murza ta a ƙarƙashin fata, shi ma yana iya nannaɗe wayoyin.

Akwai wani ciwon da Panadol ba ya taɓawa, shi ne tsoro. Kawu ya taɓa tambayata da dare, "Malam, in batirin nan ya mutu ina barci fa?" Ba ya mutuwa farat ɗaya. Yana kai shekara 6 zuwa 10, wani ya fi, kuma injin gwaji yana nuna ƙarewarsa tun da sauran watanni. Na ba shi labarin Arne Larsson, mutumin farko da aka dasa wa irin wannan na'ura, a Stockholm ta Suwidin ranar 8 ga Oktoba 1958. Ta farkon awa uku kawai ta yi ta tsaya. An canja masa fiye da sau 20, ya rayu har 2001, ya rasu yana da shekara 86, bayan likitan da ya yi masa aikin da injiniyan da ya ƙera na'urar duk sun riga shi. Kawu ya yi dariya ya ce ashe shi a zamanin sauƙi ya zo.

Sai dai duk wannan kwanciyar hankali a kan injin gwajin nan ta dogara, kuma yaƙi ya raba mutane da shi. Da can daga Managil kilomita sittin da 'yan kai ne zuwa cibiyar zuciya ta Wad Madani, mutum ya je ya dawo a yini. Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, dakarun RSF suka shiga Madani ranar 18 ga Disamba na shekarar, sojoji ba su dawo da garin ba sai 11 ga Janairu 2025. A tsakanin nan Managil ta cika da 'yan gudun hijira, wasunsu da batiri a ƙirji, ba kati ba takarda. Katin kuwa shi ne ke ɗauke da sunan kamfani, ko Medtronic ne, ko Biotronik, ko St. Jude, kuma kowane kamfani da injin da ke karanta na'urarsa. Wanda katinsa ke hannu ya ɗauki hotonsa gaba da baya ya tura wa dangi biyu ko uku ta WhatsApp. Kafin a kashe kuɗin mota a buga waya a tambaya ko asibitin da za a je yana da injin wannan kamfani.

Wanda aka sa wa batiri tun 2016 ko 2017, kuma rabonsa da gwaji tun kafin yaƙi, ko ba ya jin ciwon komai shi za a fara nema wa wurin zama a motar.