Malam Sean, Malamin Da Ya Bi Yaransa Bayan An Rufe Makaranta

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin ilmi ya san irin takardun da ke zuwa in an yi canjin malamai. Wannan ya ce uwarsa ba lafiya, wancan ya ce ruwan garin bai karɓe shi ba. Yau kuwa malamin da aka tura ƙauyukan Kurfi ko na yammacin Dutsin-Ma ba ya bukatar ƙaga dalili, don kowa ya san abin da ke cikin dajin. Tun ran 11 ga Disamba, 1920 da ɗari, watau 2020, da aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka rufe makarantu, muke ta jin tambaya guda a bakin malamai: in makaranta ta watse, mene ne sauran hakkin yara a kan malami? Ba mu da amsar da za mu ɗora wa kowa. Amma muna da labarin wani saurayi da tambayar nan ta taɓa sama.

Sunansa Sean Devereux, ana faɗinsa Shon. An haife shi a Ingila cikin 1964, ya tashi a garin Yateley. Ɗan ɗarikar Katolika ne, ya kuwa yi karatu a hannun ƙungiyar Salesian a Farnborough, sa'an nan ya wuce Jami'ar Birmingham, ya kuma sami horon malanta a Exeter. Ba Fada ba ne. Malamin wasannin motsa jiki ne kurum, irin wanda a makarantunmu akan ba shi usur a manta da shi.

Ya kamata mu ɗan tsaya kan ƙungiyar nan, don a nan tarbiyyarsa take. Wani limamin Kirista mai suna Don Bosco ya kafa ta a Turin ta ƙasar Italiya cikin 1859, saboda yaran talakawa masu gararamba a titi. Ka'idarsa ita ce malami ya hana laifi tun bai auku ba, maimakon ya jira a yi ya ɗauko bulala. Yaya za a yi haka? Sai malami ya kasance tare da yara a filin wasa kamar yadda yake tare da su a aji, ya san sunan kowa da halin gidansu. Mun sha gaya wa ɗalibanmu na horon malanta wannan magana, sun kuwa sha rubuta mana ita daidai a jarrabawa. Amma je ka makaranta lokacin tara, ka ƙidaya malaman da ke gindin bishiya suna hira, ka ƙidaya na cikin yara.

Cikin 1989 Sean ya bar aikinsa na koyarwa a Ingila, ya tafi Laberiya, makarantar St Francis da ke Tappita a lardin Nimba, can cikin kurmi. Bai cika shekara ba yaƙin basasa ya ɓarke, a lardin nan na Nimba kuwa ya fara, cikin Disamba na 1989. Cikin 1990 aka rufe makarantar, yara suka watse, waɗansu suka yi gudun hijira, waɗansu mayaƙa suka ɗora musu bindiga.

To, a nan ne fa labarin ya shafe mu. Hanyar gida a buɗe take gare shi, ba kuwa wanda zai zarge shi. Sai ya shiga aikin raba abinci ga 'yan gudun hijira ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, yana cigiyar yaransa duk inda ya sa ƙafa. Ya taɓa zuwa roƙon a sako wani ɗalibinsa da mayaƙa suka riƙe, aka tsare shi shi ma na ɗan lokaci. Cikin 1992 sojoji suka yi masa dūka don ya hana su wawashe abincin agaji. Zama ya gagara, ya bar ƙasar.

Cikin Satumba na shekarar nan ya kama aiki da UNICEF a Kismayo, tashar jirgin ruwa a kudancin Somaliya, ana tsakiyar yunwa. Can ma bai iya kame bakinsa ba. Da aka yi wa mutanen garin kisan gilla cikin Disamba, ya faɗa wa manema labarai a fili. Ran 2 ga Janairu, 1993, yana tafe a ƙasa kusa da ofishinsu, wani ɗan bindiga ya harbe shi ta baya. Shekarunsa 28.

Masu hankali sun yi sabani a kansa, mu ma ba za mu ɓoye namu ra'ayin ba. Akwai gaggawar ƙuruciya cikin al'amarinsa, kuma malamin da ke da mata da 'ya'ya a Kurfi ba daidai yake da saurayin da ba shi da nauyin kowa ba. Ba mu ce wa kowa ya kai kansa ga halaka. Abin da ya tsaya mana a rai ƙarami ne: da aka rufe makaranta, shi bai ɗauka cewa an sallame shi daga yaran ba. Malamin da aka mayar cikin gari saboda tsaro, ko ya san inda 'yan ajinsa suka koma? Rajista tana hannunsa. Da yawa daga cikinsu suna nan cikin Dutsin-Ma wajen dangi, tafiyar minti goma daga inda yake sa hannu kowace safiya.

Bayan rasuwarsa iyayensa da abokansa suka kafa asusu da sunansa don ilmin yara, mafi yawan aikinsa a Laberiya, aka kuma yi fim a kan rayuwarsa a Ingila cikin 1994. Yaran Tappita da suka tsira daga yaƙin yanzu magidanta ne, sun girmi malaminsu da shekaru masu yawa.