Ƙwan Tsutsa Ne Ke Kayar da Mai Kiwon Murjani

A Turai da Amurka da Japan, mutane da dama suna kiwon murjani mai rai a gidajensu, cikin tankin gilashi mai ruwan gishiri. Murjani dabba ne, kuma jinsin Acropora mai rassa yana cikin mafiya farin jini da wuyar reno. Babbar annobarsa wata 'yar tsutsa ce mai faɗi, Prosthiostomum acroporae, wadda masana suka fara bayyanawa a 2011 daga tankunan kiwo, kafin a gano ta a teku kusa da tsibirin Lizard na Ostireliya. Tana cin naman murjani, ƙananan gansakukan da ke zaune a jikinsa su taru a hanjinta, sai launinta ya saje da nasa. Mai tanki ba ya ganin ta. Ɗigo-ɗigon fari kawai yake gani inda ta ciza, murjanin yana kwailewa daga gindi.

Akasarin masu kiwo sukan garzaya neman magani, su tsoma murjanin na ɗan lokaci cikin ruwan da aka haɗa da levamisole ko wani sinadarin tsomi. Tsutsotsin kan zube, amma ƙwayayen da suka manna a ƙashin murjanin, inda nama ya ƙare, suna da ɓawon da magani ba ya ratsawa. A zafin digiri 27, kwana 11 kan isa su ƙyanƙyashe, kuma cikin makonni kaɗan 'ya'yan su fara nasu ƙwan. Wanda ya tsoma sau ɗaya ya mayar da murjani tanki, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Abin da ke aiki shi ne killacewa: a kwashe duk Acropora zuwa wani tanki dabam, a kankare ƙwan ko a yanke gindin da suke kai, a riƙa tsomawa kowane mako har kusan wata biyu. Babban tankin kuwa a bar shi babu Acropora, yunwa ta gama da ragowar.

Wasu za su ce ai akwai kifin da ke cin tsutsar. Gaskiya ne, gwaji a Ostireliya ya nuna kifin Pseudocheilinus hexataenia yana cinye manyan, amma ba ya taɓa ƙwai. Jatan landen Lysmata vittata yana cin duka biyun, sai dai ragewa yake yi, ba ƙararwa ba. Wasu kuma za su koka da kuɗin tanki na biyu. Kuɗin ba ya kama ƙafar asarar murjanin da aka shekara da shekaru ana reno, wanda wataƙila daga teku aka ciro shi. Duk sabon reshe da ya shigo gida, komai kyansa da amanar mai sayar da shi, ya fara zama a killace.